Baƙon da zai gitta ta saman Maraɗi gab da Layyar 2029

Wani dare cikin watan Fabrairun 2025 muna zaune a fadarmu ta unguwar Zariya, shayi na biyu yana tafasa a kan gawayi, sai ƙanen matata ya miƙo min wayarsa. Saƙon murya ne na WhatsApp, irin wanda aka yi ta turawa har ba a san bakin da ya fara fitowa ba. Mai maganar sai rantse-rantse yake yi, wai Amurkawa sun tabbatar wani dutse zai faɗo daga sama ranar 22 ga Disamban 2032, ga kuma taswira an ja jan layi ya ratsa ta kan Najeriya. "Yaya, kai da kake bin irin waɗannan abubuwa, da gaske ne?" Kafin in buɗe baki, dattijon da ke sayar da goro a bakin layinmu ya riga ni: "Malam, in dai Najeriya ce ai har da mu. Daga nan zuwa Jibiya tafiyar nawa ce?"

Dutsen dai akwai shi. Sunansa na rajista 2024 YR4, wani madubin hangen nesa da ke ƙasar Chile ne ya tsinkayo shi ranar 27 ga Disamban 2024, faɗinsa kuma kamar mita 60. Ranar 18 ga Fabrairu hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ce yiwuwar ya bugi duniya ta kai kashi 3.1 cikin 100. Mai saƙon ya haɗiye wannan adadin, ya bar mu da rantsuwa. Kafin mako ya zagayo adadin ya zube, ya koma kusan sifiri. Sai ga ƙanen nawa da wata tambayar, wadda ta fi ta farko nauyi: "To Yaya, ƙarya suka yi tun farko, ko kuwa dutsen ne ya karkata?"

Masanan ba su yi ƙarya ba, dutsen kuma bai karkata ko da taki ɗaya ba. Yana nan kan hanyar da yake bi tun kafin ido ya gan shi. Saninmu game da hanyar ne ya ƙaru. Don a gane yadda haka ke faruwa, gara a ɗauko labarin wani dutsen da ya girme shi a tsoratar da mutane, wanda kuma in Allah ya kai mu za mu gan shi da idonmu daga tsakar gida, ba madubi ba komai. Sunansa Afofis, a rubutun Turawa Apophis, lambarsa 99942.

Mutum uku ne suka fara ganinsa, Roy Tucker da David Tholen da Fabrizio Bernardi, ranar 19 ga Yunin 2004, a cibiyar kallon taurari ta Kitt Peak da ke jihar Arizona a Amurka. Dare biyu kacal suka samu suna binsa, sai ya ɓace musu. Ba a sake kama shi ba sai ranar 18 ga Disamba, daga Ostireliya. Da aka haɗa lissafin gani na farko da na biyu, sai hankali ya tashi: akwai alamar zai yi karo da duniya ranar 13 ga Afrilun 2029. Kullum aka ƙara dubawa sai adadin ya hau, har ya kai kashi 2.7 cikin 100, wato ɗaya cikin 37. Akwai wani ma'aunin haɗari da ake kira ma'aunin Torino, daga sifiri zuwa goma. Afofis ya taka mataki na huɗu, kuma har yau ba wani dutse da ya sake kai wa nan. Abin da ya sa duniya ba ta ruɗe ba shi ne a makon ne igiyar tsunami ta 26 ga Disamba ta afka wa gaɓar tekun Indiya, kunnen kowa yana can. Cikin 'yan kwanakin nan aka tono wasu tsofaffin hotunan sama na watan Maris ɗin shekarar, aka tarar ashe dutsen ya fito a ciki ba wanda ya lura. Wannan ƙarin wata uku na tarihin tafiyarsa ya isa a share batun karon 2029 gaba ɗaya. Sunan Afofis sai a 2005 aka raɗa masa, sunan wani maciji ne a tatsuniyar Misirawan dā, wanda suke cewa kowane dare yana ƙoƙarin haɗiye rana.

Me ya sa adadin ke hawa kafin ya faɗi? Nan ne mutane da yawa ke ganin kamar ana yi musu wasa da hankali. Ɗauki gonar gero mai kunya ɗari, lokacin da tsuntsaye suka matsa. Ka ajiye goran ruwanka a kan kunya ɗaya. Can gefe yaro ya saki dutse daga majaujawa, kai kuma ka hango shi daga nesa. A kallon farko abin da za ka iya cewa shi ne dutsen zai sauka a wani wuri cikin gonar. Haɗarin goranka ɗaya ne cikin ɗari. Ka ƙara kallo, ka ga ba zai kai ƙarshen gabas ba, ba kuma zai tsaya a bakin yamma ba, saura kunya 37, goranka yana cikinsu. Yanzu haɗarin ya zama ɗaya cikin 37. Ya ƙaru, alhali dutsen bai sauya komai a tafiyarsa ba. Ka sake kallo, kunyoyin da ake zato suka ragu zuwa goma, kuma wannan karon ta goranka ta fita daga ciki. Haɗarin ya faɗi ƙasa warwas a lokaci guda. Haka lissafin yake a sama. Masana suna zana wani dogon zirin wuri da suke cewa dutsen zai bi ta wani gurbi a cikinsa. Muddin zirin yana tsukewa kuma duniya tana ciki, kason duniya ƙaruwa yake yi, har ranar da zirin ya tsuke ya bar ta a waje. Wanda ya ji an ce kashi 3 cikin 100, to an gaya masa ne cewa kashi 97 na nuna wucewa zai yi.

Dattijonmu mai goro ya ce Allah kaɗai ya san gobe, kuma gaskiya ya faɗa. Na dai tuna masa ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da rana ta yi husufi da hantsi a wannan yanki namu, gari ya yi duhu, kaji suka nufi akurki. Tun kafin ranar rediyo ke ta faɗin sa'ar da abin zai faru, ana gargaɗin kada a kalli rana da ido tsirara. Ba wanda ya ce masu rediyo duba suka yi. Lissafin falaki ne, irin wanda ake buga jadawalin lokutan salla na shekara guda da shi. Dutsen sama ma a kan ƙa'ida yake tafiya. Bambancinsa da wata shi ne ƙarami ne, duhu gare shi, kuma ba a daɗe da fara binsa ba.

Hanyar Afofis kewayen rana take yi, kamar ta duniya, sai dai ba zagaye sosai ba ce, ta ɗan yi siffar ƙwai. Duniya tana nesa da rana da kimanin kilomita miliyan 150. Afofis idan ya matsa ciki yakan kai kilomita miliyan 112 daga rana, kusa da hanyar tauraruwar nan Zara da muke gani da magariba ko da asuba. Idan ya ja baya yakan kai miliyan 164, ya ɗan tsallake hanyarmu. Ke nan mafi yawan shekararsa ya fi mu kusa da rana ne, inda haske ke hana a gan shi, abin da ya sa bin sa ke da wuya. Shekararsa kwana 324 ce, tamu 365 da 'yan sa'o'i. Hanyar tasa kuma ta ɗan jirkice daga shimfiɗar tamu da digiri uku da ɗoriya, saboda haka ko ya tsallake, galibi ta sama ko ta ƙasa yake bi. Wuri ɗaya ne hanyoyin biyu suke kusan gogar juna, kuma duniya tana isa wannan mararraba ne a wajen 13 ga Afrilu na kowace shekara.

Mararraba kaɗai ba ta kawo haɗari, sai motoci biyu sun iso a lokaci guda. Zagaye tara na Afofis ya yi kusan daidai da shekara takwas tamu, shi ya sa yake leƙo mu kusan duk bayan shekara takwas: ƙarshen 2004, farkon 2013, Maris 2021, sai kuma 2029. Duniya tana gudun kusan kilomita 30 a daƙiƙa ɗaya. Daga Maraɗi zuwa Katsina daƙiƙa uku ke nan. Faɗinta kilomita 12,742 ne, don haka cikin minti bakwai take matsawa da tsawon jikinta gaba ɗaya. Wato duk tashin hankalin nan a kan 'yan mintoci yake. Dutsen da ya makara da minti goma, ko ya yi sammako da minti goma, zai tarar da mararraba babu kowa.

A daren Juma'a 13 ga Afrilun 2029 ba zai makara da yawa ba. Zai wuce a tazarar kimanin kilomita 32,000 daga doron ƙasa. Farantan kallon talabijin da muke kafawa a kan rufi suna fuskantar taurarin ɗan Adam ne da ke can kilomita 35,786 sama. Afofis zai shigo ƙasa da su, ko da yake hanyarsa a karkace take, ba ta bi ta cikin jerin nasu ba. Wata kuwa yana kilomita 384,400, ninki goma sha biyu na wannan tazarar. Na taɓa gwada wa yara abin a tsakar gida. Na ajiye ƙwallon ƙafa na ce ga duniya. Na ba ƙaramarsu goruba na ce ta yi taku takwas ta ajiye, ga wata. Sai na auna kamu ɗaya da ɗan ƙari daga jikin ƙwallon na ce ta nan baƙon zai bi. Suka ce ina baƙon? Na ce a wannan ma'aunin, ƙwayar garin da ke tashi daga rariya idan uwarku tana tankaɗe ta fi shi girma.

Batun 2029 an rufe shi tun 2004, amma tsoron bai mutu nan take ba, kuma dalilin yana da daɗin fahimta. Idan dutse ya matso haka, ƙarfin jan duniya zai lanƙwasa masa hanya. Bayan daren nan Afofis ba zai koma tsohuwar shekararsa ta kwana 324 ba. Za ta miƙe ta koma kimanin wata goma sha huɗu, kuma mafi yawan tafiyarsa za ta koma bayan hanyar duniya maimakon cikinta. Yawan lanƙwasar ya dogara ne da ainihin inda ya bi. A cikin sararin da zai ratsa akwai wasu 'yan gurabe ƙanana da masana ke kira kafar makulli. Idan ya zura ta cikin ɗaya, lanƙwasar za ta daidaita shi yadda zai dawo ya same mu a mararraba bayan wasu shekaru. Kafar da aka fi jin tsoro, wadda za ta kawo karo a 2036, faɗinta bai kai kilomita ɗaya ba. Ka auna: ana son a san ko dutsen da ke tafiyar ɗaruruwan miliyoyin kilomita kowace shekara zai bi ta ƙofar da ba ta kai tsawon wani layin unguwa ba, shekara ashirin kafin ya iso.

A irin wannan lissafin har zafin rana sai an saka. Duk wanda ya yi bazara a Maraɗi ya san katangar da ke fuskantar yamma. Da safe sanyi gare ta, da la'asar ta ɗauki wuta, bayan isha kuma ka jingina da ita sai ka ji tana huci kamar tanda. Dutsen sama ma haka yake. Yana juyawa, gefen da ya sha rana yana fitar da zafinsa bayan ya juya, kuma wannan hucin yana tura dutsen kaɗan-kaɗan, turin da bai kai a ji shi a tafin hannu ba. Wani injiniya a Rasha, Ivan Yarkovsky, shi ya fara hasashen haka wajen shekarar 1900, ana kuma kiran abin da sunansa. A kan Afofis an auna shi: yana tsuke masa hanya da mita 170 zuwa 200 a kowace shekara. Abin dariya ne a ido, amma ka tara shi shekara arba'in, ka tuna kafar makulli ba ta kai kilomita ba, sai dariyar ta tsaya.

Abin da ya kashe maganar shi ne na'urar rada. Madubin hangen nesa yana nuna maka ta wace fuska abu yake, amma bai iya faɗin nisansa daidai ba. Rada kuwa tana aika igiya ta bugi dutsen ta dawo, a ƙirga lokacin da ta ɗauka. Da ya zo a farkon 2013 aka auna shi, aka share 2036. Saura wata 'yar ƙaramar yiwuwa ta 2068. A Maris 2021, yana can nesa da kilomita miliyan 17, babban farantin Goldstone na Kalifoniya mai faɗin mita 70 ya aika masa igiya, na Green Bank mai faɗin mita 100 ya tare ta, aka san nisansa da kuskuren da bai wuce mita 150 ba. A ƙarshen watan NASA ta cire shi daga jerin masu haɗari, ta ce babu karo aƙalla shekara ɗari nan gaba. Shekara goma sha bakwai ke nan daga ganinsa na farko zuwa wanke shi.

Jikinsa fa? Ba wanda ya taɓa ganinsa ƙuru-ƙuru. Ko a manyan madubai ɗigon haske ne kawai. Girman ma da farko daga haskensa aka kintata, kuma wannan hanya tana da yaudara, domin mai farar riga da mai baƙar riga idan suka tsaya nesa da dare, mai farar zai fi fitowa ko da shi ne ƙarami. Sai da aka haɗa da awon zafin da yake fitarwa da kuma hotunan rada aka tsaya a kan matsakaicin faɗi na mita 340, filin ƙwallo uku a jere da ɗan ƙari. Ba dunƙulalle ba ne. Dogo ne, wajen mita 450 ta tsawo, kuma hotunan suna nuna kamar kai biyu gare shi, irin gyaɗa mai 'ya'ya biyu a cikin ɓawonta. Mu da gyaɗa ta gina garinmu ba ma buƙatar a zana mana. Nauyinsa ana maganar tan miliyan gommai ne. Duk da haka jansa ba shi da ƙarfi ko kaɗan: da mutum zai tsaya a kansa ya yi ɗan tsalle, ba zai dawo ba.

Launin hasken da yake maidowa ya nuna dutse ne na gaske, haɗe da ɗan ƙarfe, ɗan uwan irin duwatsun da suka fi yawan faɗowa duniya. Shekarunsu sun kai biliyan huɗu da rabi. Ragowar kayan gini ne da suka saura bayan duniyoyi sun dunƙule, kamar guntayen tubalin da ake bari a gefen sabon gida. Mafi yawansu suna can tsakanin duniyar Mars da Jupita, jan Jupita da wancan hucin zafi ne ke koro wasu zuwa unguwarmu. Juyawar Afofis ma ba irin ta duniya ba ce, da ke kan gindi ɗaya kamar dutsen niƙa. Tangaɗi yake yi, yana juyi biyu a haɗe, ɗaya na sa'a 27 da 'yan mintoci, ɗaya na kusan kwana goma sha ɗaya, kamar ƙwaryar da aka wurga tana katantanwa. Ana kyautata zaton ba curi ɗaya ba ne, tarin tsakuwa da manyan duwatsu ne da suka jingina da juna. Dalilin wannan zato shi ne abin da aka gani a 'yan uwansa. Kumbon Japan ya isa wani dutse mai suna Itokawa a 2005 ya tarar da tulin tsakuwa. A Oktoban 2020 kumbon NASA mai suna OSIRIS-REx ya taɓa wani dutsen, Bennu, don ya ɗebo ƙasa, sai hannunsa ya nutse kusan rabin mita kamar an zura shi cikin rumbun gero. Ya kawo giram 121 da ɗoriya duniya a Satumban 2023, daga nan aka sauya masa suna aka juya akalarsa zuwa Afofis. Hukumar sararin samaniya ta Turai ita ma tana shirya nata kumbon, Ramses, da niyyar ya riga isa ya raka dutsen lokacin wucewar. Abin da suke son gani shi ne yadda jan duniya zai taɓa shi: ko tangaɗinsa zai sauya, ko tsakuwar jikinsa za ta zame. Wannan gwaji ne da ba wanda ke da kuɗin shirya shi, ga shi zai zo kyauta.

Da a ce zai faɗo, ƙiyasin da aka yi ya kai ƙarfin megatan 1,200, fiye da ninki ashirin na bam mafi girma da ɗan Adam ya taɓa fasawa, wanda Tarayyar Sobiyet ta gwada a 1961. Zai shafe yanki guda, amma ba tashin duniya ba ne. A ganina ma Afofis shi ne dutsen da ya fi cancanta a kwana da shi hankali kwance, tunda an san shi ciki da bai. Wanda ba a gani ba shi ne abin tunani. Ranar 15 ga Fabrairun 2013 wani da bai wuce mita 20 ba ya fashe a saman birnin Chelyabinsk na Rasha da sanyin safiya. Ta ɓangaren rana ya ɓullo, ba madubin da ya hango shi. Mutum wajen 1,500 suka ji rauni, galibinsu sun ruga taga ne don su ga hasken, sai ƙarar ta iso daga baya ta tarwatsa musu gilashi a fuska. An san duwatsu sama da 35,000 masu kusantar duniya yanzu. Manyan da suka kai kilomita ɗaya an gano fiye da kashi 90 cikin 100 nasu. Amma masu mita 140 zuwa sama, waɗanda kowannensu zai iya cinye babban birni, ba a kai ga rabinsu ba.

Ƙananan kuwa ba baƙinmu ba ne. Wanda muke gani ya ja zaren wuta da dare, tsofaffi su ce an jefi shaiɗan, yawanci bai wuce ƙwayar gero ko tsakuwa ba, a iska yake ƙonewa. Wani lokaci kuma guntu ya iso ƙasa. Ranar 3 ga Oktoban 1962, kusa da Zagami a ƙasar Katsina, wani manomi yana korar tsuntsaye a gonarsa sai ya ji ƙara, dutse mai kilo 18 ya nutse a ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Daga baya aka gano ɓallen duniyar Mars ne, kuma yau guntayensa suna ɗakunan bincike a ƙasashe da dama. Na kusa-kusan nan shi ne wanda aka tsinta a jihar Agadas a Nuwamban 2023, mai kusan kilo 25, shi ma na Mars, mafi girma da aka taɓa samu. A Yulin 2025 aka yi gwanjonsa a New York a kan dala miliyan 5.3, gwamnatinmu ta ce a binciki yadda aka yi ya fita daga ƙasar. Abin da ya fi ci min rai a labarin shi ne ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ba su taɓa samun ko kallonsa ba.

Idan aka hango dutse da wuri, akwai abin yi, kuma an gwada. Ranar 26 ga Satumban 2022 NASA ta ɗirka wa wani ƙaramin dutse mai suna Dimorphos kumbo da gangan. Dutsen yana kewaya wani babba ne cikin sa'a 11 da minti 55. Bayan bugun, zagayen ya ragu da fiye da rabin sa'a. Ba a buƙatar farfasa dutse. A tuna da mintoci bakwai ɗin nan: a ɗan taɓa shi shekara goma ko ashirin kafin lokaci, ya makara zuwa mararraba, shi ke nan. Duk dabarar tana rataye ne a kan gani da wuri.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2029 a matsayin shekarar wayar da kai game da waɗannan duwatsu, saboda Afofis. Ina da tabbacin masu saƙon murya su ma sun ware ta. Ranar Juma'a ce, 13 ga wata, wadda Turawa ke camfawa, ga sunan maciji, ga kuma tsohon adadin nan na 2004 da za a tono a yi ta yawo da shi kamar jiya aka faɗe shi.

Mu dai a nan an yi mana gata. Mutanen Amurka rana ce a wajensu lokacin da zai fi haske. Afirka da Turai da yammacin Asiya su ne a sahun gaba. A lissafi daren ƙarshen Zulƙida ne na 1450, ana shirin duban watan Layya, raguna sun cika kasuwa, sama kuma babu farin wata ko kaɗan. Tsakiyar bazara ce, kowa a waje yake kwana. Abin da zai iya ɓata mana shi ne ƙura, sai kuma fitilun gari, don haka wanda ke da hali ya fita bayan gari, ta hanyar Tibiri ko ta Madarumfa. Bayan sallar isha zai kasance can sama, yana gangarawa yamma, kuma zai fi kusa da duniya da ƙarfe 10:46 na dare agogon Nijar, lokacin yana saman tekun Atilantika. Kada a sa ran wutsiya ko ƙara ko walƙiya. Ɗigo ne kamar matsakaicin tauraro, ba ya ƙyafta jan haske irin na jirgi, ba ya kuma tsallake sama cikin minti biyar irin tauraron ɗan Adam. Ka kafa ido a kan taurari biyu da ke kusa da juna, ka ƙirga sittin. Wanda ka ga ya matsa da faɗin wata guda, shi ne. A wannan lokacin yana gudun sama da kilomita 7 a daƙiƙa, Maraɗi zuwa Yamai cikin minti ɗaya da rabi. Ƙanen matata ya riga ya ce shi zai kawo gawayi da sukari, dattijonmu kuma ya ce in da rai a ajiye masa gefen tabarma.